Ruwan zafi yana tsiyaya a shawa, na sanyi kuma lafiya lau: hitar ce ko fayif?

Baban Amira:

Assalamu alaikum. Masana harkar famfo, ina neman shawararku kafin in sake kashe kuɗi.

Gidan ƙasa ne a Kano, ba bene ba. Ruwan bohol ne, sumo ke tura shi tankin roba mai lita 2,000. Daga ƙasa zuwa gindin tankin mita 4 ne, na auna. Hitar mai lita 50 ce, an kafa ta a banɗaki can sama kusa da silin, shekara uku ke nan, ba a taɓa buɗe ta ba. Fayif ɗin gidan duka PPR ne, wato na robar nan da ake haɗawa da zafi, na rabin inci, har da wanda ya sauko daga tanki.

Idan aka juya miksa zuwa sanyi, shawa tana zuba daidai gwargwado. Idan aka juya zuwa zafi, sai tsiyaya. Idan aka ce a haɗa biyun, ba a samun tsaka-tsaki, ko dai ya yi sanyi ƙalau ko ya ƙona mutum. Duk ranar da tanki ya ƙare kuma, ko an sake cika shi, ɓangaren zafi sai ya yini yana tari yana feso iska kafin ya dawo. Sannan ɗan bawul ɗin da ke ƙasan hitar yana ɗigar da ruwa in an kunna ta, har ya ɓata tayil.

Filamban da ya duba ya ce bawul ɗin ne ke riƙe ruwa, a cire shi a haɗa fayif kai tsaye, ɗigon ma ya huta. In hakan bai yi ba, a sayi famfon tura ruwa mai ƙarfin doki ɗaya a sa wa gidan. Shin wannan daidai ne? Ko hitar ce ta mutu? Hunturu ya shigo, ga yara 'yan makaranta da wankan asuba.

Mai Famfo:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Kada ka bari a cire bawul ɗin, kada kuma ka sayi famfo tukuna. Bari in fara da lissafin gidanka, don a nan amsar take.

Hita ba ta ƙara wa ruwa ƙarfi ko kaɗan. Tulu ce kawai da ake dafa ruwa a ciki. Ruwan sanyin da ke shiga ta ƙasa shi ke turo na zafi ya fita ta sama, don haka ƙarfin ruwan zafinka daga tsayin tanki yake zuwa, kamar na sanyi. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da matsin ruwa na kusan bar 1, wato mita ɗaya 0.1 ke nan. Ba kuma daga ƙasa ake aunawa ba, daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa kan shawa. Gindin tankinka mita 4, tankin kansa a ce mita ɗaya da rabi, kan shawa kuma yana wajen mita 2.1. In tanki ya cika maƙil kana da mita 3.4, bar 0.34. In ya kusa ƙarewa, mita 1.9, bai kai bar 0.2 ba. Wannan ɗan ƙarfin shi ne jarinka gaba ɗaya.

Ruwan sanyi daga tanki yake miƙewa zuwa miksa. Na zafi kuwa sai ya bi ta makullin bango, ya bi ta siririn tiyon nan mai saƙar ƙarfe, ya ture sifirin da ke cikin bawul, ya shiga tulun, ya sauko ta bututun ciki, ya sake bin wani tiyon, ya zagaya silin, sannan ya iso miksa. Kowane ɗaya yana yankar rabonsa. A gidan da ke da bar 2 ko 3 ba a ma lura. A bar 0.2, ɗan yashi kaɗan a hanya ya isa ya mayar da ruwan tsiyaya.

Dalilin rashin tsaka-tsakin ma ke nan. In ruwan hita yana digiri 60, na tanki da asubar hunturu yana wajen 15, to don ka sami ruwan wanka mai digiri 40 sai fiye da rabinsa ya zama na zafi. Shawa mai daɗi tana son lita 6 zuwa 8 a minti, ke nan kana buƙatar kusan lita 4 na zafi a minti. In lita 2 kawai ke iya fitowa, da ka ɗan buɗe sanyi sai ya rinjaye shi a cikin miksa, har ya danne shi ya hana shi fita.

Ga abin da za ka yi, da bokiti mai lita 10 da agogon wayarka, a lokacin da tanki yake cike. Kwance kan shawar daga tiyo ko daga bango, ka auna minti nawa sanyi zalla ke cika bokitin, sannan zafi zalla. Rubuta. Bayan haka kashe wutar hitar daga makunninta, ka bari ruwan ya huce ko a yi amfani da shi ya ƙare zafi. Rufe makullin bango, kwance tiyon shiga daga jikin bawul, wato ɓangaren da ke da shuɗiyar alama, ka saka bakinsa a bokiti ka buɗe, ka auna. Mayar da shi. Kwance tiyon fita, mai jar alama, daga wajen bango, ya zama ruwan daga hitar yake zuba cikin bokiti kai tsaye, ka auna.

Awo huɗu ke nan. In ruwan ya riga ya yi rauni kafin ya kai bawul, laifin makullin bango ne ko tiyon shiga ko fayif. In ya iso da ƙarfinsa amma ya fito daga hita a raunane, laifin bawul ne ko bakin fitar tulun. In ya fito daga hita lafiya amma bai kai shawa ba, to a cikin bango ko silin yake, kuma a PPR abin da aka fi samu shi ne haɗin da aka ƙona fiye da kima. Fayif na milimita 20, wato na rabin inci, daƙiƙa 5 yake so a kan injin da ya kai digiri 260, na 25 daƙiƙa 7, na 32 daƙiƙa 8. In yaron filamba ya bar shi daƙiƙa 15 ya kuma danna shi da ƙarfi cikin elbo, robar da ta narke sai ta taru a ciki ta bar rami kamar na biro. Daga waje haɗin zai yi kyau, ba ɗigo, amma ruwa ba ya wucewa.

Ka kuma duba ko ba a juya haɗin ba. Ana samun wanda ya sa sanyi a ja, zafi a shuɗi. In haka ne, ruwan zafin ke saurin ƙarewa, don sanyi na zuba ta saman tulun yana gauraya shi.

Kawo mana lambobin.

Injiniya Tudun Wada:

Ina goyon bayan Malam Mai Famfo, amma zan tsaya kan bawul ɗin, domin shi ne maganar rai a cikin tambayar nan.

Ɗan ƙarfen nan aiki biyu yake yi. Na farko, hana ruwa komawa baya. Ranar da tankinka ya ƙare, shi ke riƙe lita 50 ɗin a cikin tulu. In babu shi, wani ya buɗe famfon zafi iska ta shiga, ruwan sai ya zurare ta fayif ɗin sanyi zuwa kicin ko masai, elemen, wato ƙarfen da ke dafa ruwan, ya zauna a iska. Da an kawo wuta, cikin ɗan lokaci ya ƙone.

Na biyu, sakin matsi. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Lita 50 daga digiri 15 zuwa 60 tana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, wajen lita 0.8. Tunda an hana shi komawa baya, kuma famfuna a rufe suke, matsin ciki sai ya yi ta hawa har ya kai inda aka saita bawul, yawanci bar 7 ko 8, a rubuce yake a jikinsa, sai ya buɗe ya ɗigar. Don haka ɗigon da kake gani lokacin da hita ke dafa ruwa, aikinsa yake yi. Maganin ɓata tayil shi ne a sa siririn tiyo a ɗan bakin, a sauke shi zuwa magudana, bakinsa a buɗe, ba lanƙwasa, ba hawa. Wanda ke ɗiga dare da rana ko hita na kashe, shi ne ya lalace ko yashi ya zauna a mazauninsa.

In aka toshe shi kuma wata rana tamostat, mai yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka saita, ya maƙale bai yanke wuta ba, ruwan zai wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba saboda matsi. Da tulun ya tsage, ruwan nan take yake zama tururi, tururi kuma yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. Irin wannan fashewar tana rushe bango. Don Allah ko wane ne ya ba da shawarar toshewa, a ƙi.

Akwai hanya ta halal ga mai ƙaramin matsi. Ana iya raba ayyukan biyu: a sa bawul mai hana komawa irin mai marfi da ke lilo, wanda ba shi da sifirin, na inci uku bisa huɗu, a kwance ko ruwa na hawa sama, sannan tsakaninsa da hita a sa haɗi mai siffar T a ɗaura bawul ɗin sakin matsi shi kaɗai. Mai marfin kusan ba ya cin ƙarfin ruwa. Sharaɗi ɗaya: kada a sa wani makulli tsakanin bawul ɗin sakin matsi da tulun.

Maman Sadiq:

Sannunku da ƙoƙari. Ni tambaya ce a kan tambaya. Me zai hana ya cire wannan ya sa ƙaramar nan ta nan take, wadda ake maƙalawa kusa da shawa? Ba tulu, ba jira, an ce kuma ba ta cin wuta kamar babbar.

Mai Wayarin:

Hajiya, a gidan da aka kwatanta ba za ta yi ba, don dalili biyu.

Ta nan take tana da makunni a ciki da gudun ruwa ke tayarwa. In ruwan ya yi rauni ba za ta kama ba sam, ko ta riƙa kamawa tana saki, mutum na cikin wanka ruwan na sauyawa. Kowace tana da mafi ƙarancin matsin da take so a takardarta, a duba a gwada da bar 0.2 zuwa 0.3 da yake da shi. Wasu suna zuwa da ɗan famfo a cikinsu, su ne kawai ke jure tankin da bai da tsayi.

Sai batun wuta. Mai kilowat 3.5 tana jan wajen amfiya 15, kuma a lita 3 a minti digiri 17 kawai take ƙara wa ruwa. In ruwan tanki yana 15, zai fito 32, ɗumi-ɗumi, a ƙaramin gudu. Mai kilowat 5.5 tana jan amfiya 24, tana son wayarta daban mai milimita 4 ko 6 tun daga allon rarraba wuta, kuma ba ta aiki sai a daidai lokacin da wutar take nan. Mai tulu kuwa elemen ɗinta yawanci kilowat 1.5 ne, amfiya shida da rabi. Dafa lita 50 daga 15 zuwa 60 yana cin kusan yunit 2.6, awa ɗaya da minti 45 in wuta ta cika 230. In wutar ta zo da rauni, a ce 180, ƙarfin elemen yana faɗuwa zuwa kusan wat 920, sai ta ɗauki kusan awa uku. Amma in an kawo wuta da dare ta dafa, ruwan yana nan da zafinsa har asuba ko an ɗauke. Wannan ita ce fa'idarta a wurinmu.

Baban Amira, tunda za a taɓa hitar, a duba waɗannan a lokaci guda. A cire wayoyin elemen a auna ƙafafunsa biyu da mitar awon lantarki: mai wat 1,500 zai ba da wajen om 35, mai 2,000 wajen 26. Tsakanin ƙafa da jikin ƙarfen kuma kada mita ta motsa ko kaɗan. In ta motsa, elemen ya fashe, wuta na shiga ruwa. PPR ba ya ɗaukar wuta, don haka ba za a dogara da fayif a matsayin atin ba, wato hanyar da wutar da ta zurare ke bi zuwa ƙasa, dole ne wayar atin ta iso jikin hitar, kuma ta kasance ta tafi ƙasa da gaske, ba an naɗe ta a bayan makunni ba. Waya mai milimita 2.5, makunni mai amfiya 20 mai yanke layi biyu a wajen banɗaki, da RCD mai miliamfiya 30. Da yawa suna tsallake na ƙarshen saboda kuɗinsa, alhali shi ne ke yanke wuta kafin ta riƙe mutumin da ke tsaye cikin ruwa ba takalmi. Duk wanda ya taɓa jin ɗan tsunguli a jikin famfo ko ruwan shawa, ya kashe hitar a ranar.

Baban Amira:

Allah ya saka da alheri. Na yi awon yau bayan sumo ya cika tanki. Sanyi a shawa: minti ɗaya da daƙiƙa 20. Zafi a shawa: minti biyar da 'yan kai. Tiyon shiga kafin bawul: minti biyu da rabi. Daga bakin fitar hita: minti huɗu da rabi, kuma da farko wasu fararen ɓarɓashi suka fito kamar fasasshen ɓawon ƙwai. Haɗin ba a juya ba. Na leƙa silin, fayif ɗin zafi ya hau sama ya tsallake wani katako sannan ya sauko. Bawul yana nan, ban bari an taɓa ba.

Mai Famfo:

Madalla. Lambobin sun yi magana. Sanyi lita bakwai da rabi a minti. Kafin bawul ya riga ya faɗi zuwa 4, daga hita ya koma 2 da kaɗan, daga nan zuwa shawa asarar ba ta da yawa. Ke nan bangonka lafiya, ba sai an fasa tayil ba. Ɓarnar a wuri biyu take: hanyar shiga, da cikin hitar.

Hanyar shiga tukuna. Tiyon nan masu saƙar ƙarfe na kwanon wanke hannu ne, ramin wasu bai wuce milimita 8 ba, in kuma aka murɗe su wajen ɗauri, robar ciki tana ninkewa. Makullin bangon ma ƙaramin rami gare shi, wasu har da raga a ciki da yashi ke cikawa. A cire su. A sa makulli mai ƙwallo wanda raminsa ya kai faɗin fayif, a haɗa da PPR kai tsaye da yuniyan mai zaren tagulla a kowane gefe, ko tiyo mai faɗin rami na hita. Ɓangaren zafi a sa PPR mai kauri, mai lamba PN20 ko PN25. Kada a yarda da farin PVC na ruwan sanyi a nan, yana laushi in zafi ya yi yawa, gam ɗinsa ya saki.

Fararen ɓarɓashin nan irin ɓawon da ke taruwa a gindin butar dafa shayi ne. Ruwan bohol yana ɗauke da shi a narke, zafi ke fitar da shi. Wani wuri ya fi wani, wuraren da ƙasarsu ke da farin dutse kamar wajen Kalambaina a Sakkwato sun fi fama, amma shekara uku ba buɗewa ko'ina za a tarar. Yana naɗe elemen ya hana shi ba da zafi, yana taruwa a gindi, yana toshe bakin bututu.

Yadda za a wanke: a kashe wuta a tabbatar da testa. A rufe shiga. A buɗe famfon zafi don iska ta samu hanya. A ɗaga ɗan hannun bawul ruwan ya fita ta tiyo, in ya toshe a kwance bawul ɗin gaba ɗaya a tara bokiti, bokiti biyar ne, a shirya. A cire murfin roba na ƙasa, a ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a cire, a zare tamostat. Wasu hitocin farantinsu notuna biyar ne, wasu kuma mai siffar ƙwai ne da noti ɗaya, sai an tura shi ciki an juya kafin ya fito. A kwashe dattin gindi da hannu, a ɗauraye. Kada a kankare cikin tulun da ƙarfe, fentin gilashi ne a jiki, in ya ɓare tsatsa ta samu ƙofa. Elemen a jiƙa ƙarfensa kawai cikin ruwan ɗumi da hodar tsamin lemo, gram 50 zuwa 100 a lita, ko binega, na 'yan awanni har ɓawon ya saki, kan wayoyin kada ya taɓa ruwa. Kusa da shi akwai wata sanda ta maganiziyom, ita ke cinyewa a madadin tulun. Bayan shekara uku mai yiwuwa waya kawai ta rage, a sa sabuwa, a riƙa dubawa duk shekara ɗaya zuwa biyu. Robar farantin ma a canja, tsohuwa ba ta cika komawa ta zauna ba. A zura waya mai laushi cikin bututun fita a tabbatar ya buɗe. Bawul ɗin ba shi da tsada, a sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon, ko a yi yadda Injiniya ya ce. Ka tafi Ƙofar Ruwa da tsofaffin a hannu, kada ka saya da kwatance.

Wajen mayarwa, a bar famfon zafi a buɗe, a buɗe shiga, a jira har ruwa ya zubo santala ba tari, sannan a kunna wuta. Tamostat a bar shi wajen digiri 60. Sama da haka ɓawon ya fi saurin taruwa, ƙasa sosai kuma ƙwayoyin cuta suna iya rayuwa a ruwan da ya kwana. Amma ruwa mai 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, a koya musu fara buɗe sanyi.

Tarin da yake yi bayan tanki ya ƙare, hawan nan na kan katako ne. Iska tana taruwa a ƙololuwa, ɗan ƙarfin tankinka kuma ba ya iya ture ta ƙasa. Dabarar da ake faɗa ta toshe bakin shawa da hannu a buɗe biyun don sanyi ya kori iskar, tana aiki ne in sanyi ya fi zafi matsi, kamar wanda ke kan ruwan gwamnati. Naka daga tanki ɗaya suke, ba wanda zai ture wani. A sake shimfiɗa wannan guntun ya bi ta ƙasan katakon ba tudu. Sannan a sa makunnin fulot, mai bin tsayin ruwa, a tanki yadda sumo zai tashi kafin ruwa ya kai bakin fita, iska ba za ta ma shiga layi ba. Bakin fitar tankin ya ɗaga santimita 5 zuwa 10 daga gindi don laka ta zauna ƙasa, a sa rariya mai siffar Y a layin saukowa, a riƙa kwance ta ana wankewa.

Injiniya Tudun Wada:

Bayan duk wannan, in ya samu zafi lita 4 ko 5 a minti, shawar za ta daidaita, amma ba za ta taɓa zama mai feshi da ƙarfi ba. Bar 0.3 dai bar 0.3 ce. To ga tsarin da zan bi.

Mafi arha shi ne kan shawa. Faffaɗan nan mai kamar faranti ba na tankin mita 4 ba ne. A sa ƙarami mai manyan huji, a cire 'yar robar rage ruwa da ke wuyansa in akwai, a jiƙa shi a binega.

Sai layin saukowa. Rabin inci daga tanki kuskure ne tun farko. PPR na 20 mai lamba PN20 raminsa milimita 13.2 ne kawai, na 25 yana da 16.6, na 32 yana da 21.2. Faɗin ramin na 32 ya ninka na 20 fiye da sau biyu da rabi. A sauko da 32 daga tanki zuwa gida da soket na inci ɗaya, a raba da 25 zuwa banɗakuna in ana iya kaiwa ta waje ko ta silin, 20 ɗin ya zama ɗan guntun ƙarshe. Wannan ba ya ƙara matsi, yana hana asararsa ne, musamman in an buɗe famfon kicin mutum na wanka.

Ɗaga tanki ban cika ba da shawara ba. Ƙarin mita 2 bar 0.2 kawai zai ba ka, kuma lita 2,000 tan biyu ce a sama. Ba a ɗora wa tsohuwar ƙafa ƙari da walda a wuce, sai an duba ginshiƙi da kaurin ƙarfe.

Famfo kuma, doki ɗaya ya yi yawa ga gida irin wannan. Wasunsu suna kai bar 5 ko fiye in an rufe famfuna. Tsofaffin tiyo za su fara fashewa, fulot ɗin masai ya riƙa zuba, bawul ɗin hita ya ƙara ɗiga don tazarar da ke tsakanin matsin layi da inda yake buɗewa ta ragu. Gida yana son bar 2 zuwa 3. Ga banɗaki ɗaya ko biyu, ƙaramin busta, wato famfon ƙara matsi, mai wat 90 zuwa 120 mai kunna kansa ya isa, yakan ƙara wajen bar 1. In banɗakuna sun kai uku ko huɗu, rabin doki, wat 370, da na'urar da ke kunna shi tana kashewa kuma tana yanke shi in ruwa ya ƙare.

Inda aka sa shi ya fi girmansa muhimmanci. A layin da ya sauko daga tanki, kafin ya rabu zuwa sanyi da hita, yadda duka biyun za su samu matsi ɗaya. In aka sa wa sanyi kaɗai, matsalar miksa sai ta fi ta da. In aka sa shi a bakin fitar hita, yana tsotso ne daga tulu, yana iya jawo iska, kuma yawancinsu ba a yi su don ruwa mai zafi sosai ba. Rariya ta zo kafinsa. A yi masa hanyar kewaye da makulli uku, ɗaya gabansa, ɗaya bayansa, ɗaya a kewayen, don in babu wuta a buɗe kewayen ruwa ya wuce da ƙarfin tanki, in ba haka ba famfon da ke tsaye shi kansa ya zama abin da ke tare hanya. Kuma ƙaramin busta gudun ruwa ke tayar da shi, in hanyar zafi na toshe kamar yanzu ba zai ma kama ba. Shi ya sa wankin ke zuwa kafin saye.

Mai Wayarin:

Ƙari ɗaya, Alhaji, tunda za a sauke ta ko a jijjiga ta. Hita mai lita 50 in ta cika tana kai kilo 65 zuwa 70. A duba ƙugiyoyin da ta rataya a kai. In cikin ramin bulo aka sa su da fisha ta roba, a sauya da dogon boltu da ya ratsa bangon da faranti a baya, ko a cika ramin bulon da kankare a bari ya kwana biyu ya kama kafin a rataya. In kuma za a sa busta a kan inbata, a ba shi layinsa daban, kada a haɗa shi da layin hita.